Yadda Muka Sake Buɗe Cocinmu Bayan Kullen Korona

Ni ne sakataren majalisar farish ɗinmu, wani cocin Katolika da ke kudancin birnin Kaduna, aikina na asali kuwa koyarwa ne. Tun da muka buɗe, 'yan'uwa daga ƙananan coci-cocin ƙauye da ke ƙarƙashinmu, da wani abokina da ke Legas inda a lokacin, a 2020, ƙofofi ke rufe, suna ta kirana suna tambayar ta ina ake farawa. Na gaji da maimaita labari ɗaya a waya kati yana ƙarewa, shi ya sa na ce bari in rubuta shi daki-daki yadda ya faru, har da wuraren da muka yi tuntuɓe.

Misar ƙarshe da muka yi da jama'a ita ce ta Lahadi 22 ga Maris 2020, a tsakiyar Azuminmu na kafin Ista. Ranar 26 gwamnatin jiha ta kafa dokar hana fita, ranar 28 kuma Gwamna Nasir El-Rufai ya sanar da cewa shi kansa ya kamu da korona. Daga nan sai kwaɗo a ƙofar coci. Mako Mai Tsarki ya zo ya wuce, Ista ta faɗo ranar 12 ga Afrilu muna falo muna kallon Misa a talabijin idan an kawo wuta, idan ba a kawo ba mu kunna rediyo. Fada yana yin Misa shi kaɗai kullum da safe, ya turo mana gajeren wa'azi ta WhatsApp. Maƙwabtanmu Musulmi su ma haka suka yi azuminsu ba tarawihi a masallaci, suka yi ƙaramar Sallah ba Idi, don haka ba wanda zai ce shi kaɗai aka tsana. Amma Lahadi bayan Lahadi ba karɓar Jikin Kristi, wato gurasar da Fada ke tsarkakewa ya raba a Misa, wannan wanda ya saba ne kawai zai san nauyinsa.

Ruɗanin farko ya zo ranar 1 ga Yuni, lokacin da kwamitin shugaban ƙasa kan korona, wanda Boss Mustapha ke jagoranta, ya sanar da sassauta dokar wuraren ibada. Kafin magariba wayata ta ɗauki zafi. "Malam Sakatare, an buɗe ko? Ƙarfe nawa Misa?" Ni ma da farko haka na ɗauka, har na fara rubuta sanarwa. Sai da na kira Fada ya ce, "Malam, ajiye biro. Abuja ta ba jihohi dama ne, jiharmu ba ta ce komai ba tukuna." Haka muka ƙara mako guda, har daren 9 ga Yuni da gwamna ya yi jawabi cewa daga washegari an sassauta kullen, bayan kwana 75, an yarda da sallar Juma'a a masallatai da ibadar Lahadi a coci-coci kaɗai. Waya ta sake ɗaukar zafi. Na sake kiran Fada, ya yi dariya ya ce, "Saura ɗaya. Ni ba gwamna ya naɗa ni ba, sai na ji daga Bishop." A nan na fahimci cewa ƙofar nan makulli uku gare ta: na tarayya, na jiha, da na dayosis, wato yankin coci-cocin da Bishop ke shugabanta. Duk wanda ya ji sanarwa a rediyo ya yi wanka ya nufi coci, zai tarar da mai gadi ne kawai.

Takardar dayosis ta iso wa Fada, muka zauna a kanta ranar Alhamis 11 ga wata, mu bakwai a barandar gidansa, kowa da takunkumi, kujeru nesa da juna kamar masu gaba. Ƙa'idojin ba su da wuyar karantawa: Misa kada ta wuce awa ɗaya, kowa ya rufe hanci da baki, a wanke hannu a ƙofa, a ba da tazara, ba musabaha a lokacin gaisuwar salama, a kwashe ruwa mai tsarki daga mazubinsa na bakin ƙofa, a karɓi Jikin Kristi a tafin hannu, tsofaffi da marasa lafiya da ƙananan yara su zauna a gida, kuma ba zunubi a kansu don sun rasa Misar Lahadi. Kowa a wurin yana son a buɗe ranar 14, domin ranar ce Idin Jiki da Jinin Kristi, ba ranar da ta fi ta dacewa. Shugaban ƙungiyar maza har ya miƙe tsaye yana cewa cocin da ke bayan layinsu ya riga ya share harabarsa. Sai wata 'yar'uwa, ma'aikaciyar jinya ce, ta tambaya a hankali, "Fada, bokiti nawa muke da shi yanzu?" Ko ɗaya. Na'urar auna zafin jiki? Babu. Wa zai tsaya a ƙofa? Aka yi tsit. Fada ya yanke cewa sai ranar 21. An yi ta ƙunƙuni, ni ma raina bai so ba, amma yau na san cewa da mun buɗe ranar 14 da abin kunya za mu kwasa.

Bayan haka na bi ma'aji zuwa banki. Wata uku ba baiko, wato kuɗin da jama'a ke bayarwa a coci, amma albashin Malam Katikis, mai koyar da addini, da na mai gadi da kuɗin wuta ba su tafi kulle ba, don haka asusun ya rame ƙwarai. Takardar cire kuɗinmu sai da sa hannun mutum biyu, Fada da ma'aji, mu kuwa muka manta muka taho ba sa hannun Fada, sai da muka koma. Da muka dawo aka ba mu lamba aka zaunar da mu a rumfa a waje, ana shigar da mutane kaɗan-kaɗan. Mun shafe fiye da awa uku kafin mu fito da naira 80,000, ita ce kusan duk abin da za a iya taɓawa. Sauran kuɗin ƙungiyoyi ne suka haɗa: maza suka kawo 60,000, Zumuntar Mata suka ce ba su da tsabar kuɗi amma sabulun ruwa a kansu yake, za su haɗa da kansu, matasa kuma suka ɗauki aikin ƙarfi. Da na san haka, da tun ranar Alhamis ɗin na nemi ƙungiyoyi, ban ɓata yini guda a layin banki ba.

Sayayya ita ma ba ta zo da sauƙi ba, domin manyan kasuwanni na rufe, sai kasuwannin wucin gadi na unguwanni, su kuwa kayan abinci suka fi yawa a cikinsu. Ta waya muka samo wani mai sayar da robobi da ya kwashe kayansa zuwa gida. Bokiti mai famfo muka saya guda shida a kan naira 4,500 kowane, abin da a da bai kai haka ba ko kusa, sai wani mai walda ɗan coci ya yi musu ƙafafu kyauta. Na'urar auna zafi ce ta ci kuɗi, guda biyu naira 56,000. A nan na yi kuskuren da nake so kowa ya guje wa: ban gwada su a shagon ba. Da muka isa gida ɗaya tana nuna kowa zafinsa digiri 34, har da yaron da muka san yana fama da zazzaɓin cizon sauro. Sai da muka mayar aka canza bayan doguwar muhawara. Ku gwada a goshin mutum uku kafin ku biya, ku sayi batiri na ajiya, kuma ku karɓi rasit.

Ranar Litinin 15 ga wata na je sakatariyar ƙaramar hukumarmu neman ma'aikatan duba-gari, domin jita-jita ta cika gari cewa sai coci ya samu takardar shaidar feshi kafin ya buɗe, wai in ba haka ba a garƙame shi a ci shi tara. Yawancin ofisoshi na kulle, ma'aikata ba su gama komawa aiki ba. Na zauna a gindin dalbejiya tun ƙarfe tara har sha biyu ta gota kafin wani jami'i ya zo. Na miƙa masa wasiƙa mai hatimin farish, ya karanta, ya ce shi bai san wata takardar izini da za mu saya ba, abin da ya sani shi ne ana iya zagayowa ranar Lahadi a duba ko mun bi doka. Ya ba ni shawara mu yi feshin don hankalin jama'a ya kwanta, amma ya ce goge benci da hannun ƙofa da ruwan bilic bayan kowace Misa ya fi feshin amfani nesa ba kusa ba, tunda feshin na rana ɗaya ne, mutane kuwa kowane mako za su zo. Na fito ban biya ko kwabo ba. A bakin ƙofa wani ya tare ni yana cewa zai haɗa mini feshi da "satifiket" a kan naira 50,000. Na ce masa na gode. Daga baya wani ɗan coci mai aikin feshin gidaje ya yi mana, muka biya kuɗin magani kawai, 15,000. Da muka buɗe cocin don feshin, ƙura ta yi kauri a kan benci har yara suna rubuta sunansu, jemagu sun tare a silin, ganyen dabinon da aka fara tanada tun Maris ya bushe ƙayau a bayan bagadi. Matasa suka kwana biyu suna wanki.

Aikin da ya fi cin ƙwaƙwalwa shi ne lissafin wurin zama, kuma shi ne wanda ba mu yi tsammani ba. Muka yanko igiya mai tsawon mita biyu muka bi benci ɗaya bayan ɗaya. Bencinmu 64 ne, kowanne yana ɗaukar mutum takwas, tara in an matsa. Da igiyar nan sai mutum uku: gefe, tsakiya, gefe. Sannan dole a tsallake layi ɗaya, saura benci 32, wato mutum 96 ke nan a cocin da ke cika maƙil sau biyu kowace Lahadi. Muka manna farin salatif a inda za a zauna, muka ɗaure bencin da aka tsallake da zare. Muka yi hayar rumfa biyu da kujeru 60 a waje, aka ja lasifika. Duk da haka Misa biyu ba za ta isa ba, sai huɗu: ƙarfe shida, takwas, goma, sha biyu, biyu da Hausa biyu da Turanci, da awa guda a tsakani don goge-goge. Na kai wa Fada jadawalin ina jin na yi bajinta, ya duba ya ce, "Malam, ai ni ɗaya ne." Ashe dokar Ikkilisiya ba ta barin Fada ya wuce Misa uku ranar Lahadi, ukun ma sai da izinin Bishop. Ban taɓa sanin haka ba duk shekarun da na yi a majalisa. Allah ya taimake mu makarantu na rufe, sai aka aro mana wani Fada da ke koyarwa, ya ɗauki biyu.

Don kada kowa ya tuɗaɗo Misar shida, muka raba jama'a unguwa-unguwa, muka yanka kwali kala huɗu, kowace Misa da kalarta, shugabannin unguwanni suka bi gida-gida suna rabawa. Wasu sun ji haushi, wani dattijo ya ce mini tun da aka yi masa baftisma bai taɓa jin an shiga gidan Allah da tikiti ba sai ka ce silima. Gaskiyarsa ne, ban musa ba. Muka kuma tanadi littafi a ƙofa don rubuta suna da lambar waya, saboda idan wani ya kamu a san waɗanda suka zauna Misa ɗaya da shi. Ana cikin wannan sai labari ya zo cewa Legas, da ta sa ranar 21 ɗin nan don buɗe coci-cocinta, ta fasa saboda masu kamuwa na ƙaruwa. Gabana ya faɗi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa, sai muka ƙara bokiti biyu da masu tsaron ƙofa huɗu.

Maganar karɓa a hannu kuwa ita ce ta fi taɓa zuciya. A nan ƙasar mun tashi muna durƙusawa a sa mana a harshe. An taɓa sassauta wannan a Legas lokacin Ebola a 2014, amma yawancin mutanenmu ba su taɓa yi ba. Ranar Asabar Malam Katikis ya tara shugabannin ƙungiyoyi a harabar coci da fakitin biskit, yana nuna musu: hannun hagu a kan na dama kamar ƙaramar kujera, Fada ya ajiye, ka ce Amin, ka matsa gefe taku biyu, ka ɗauka da hannun dama, ka sauke takunkumi, ka ci a nan gaban bagadi kafin ka juya, ka duba tafinka ko ɓurɓushi ya rage. An yi dariya da wani ya kai biskit bakinsa takunkumi na rufe, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Da daddare na je gaishe da mahaifiyata, wadda ta haura saba'in, tana cikin matan da suka kafa Zumunta a cocin nan. Na tarar ta goge zanen Zumuntarta ta ninke a kan gado. Na durƙusa na ce, "Mama, an ce tsofaffi su dakata tukuna." Ta dube ni ta ce, "Wa ya ce?" Na ce Bishop. Ta ce, "Bishop ɗin yaro ne shi?" Ban samu amsa ba. Da na yi mata bayanin hannu kuma sai ta buɗe tafukanta ta ce, "Waɗannan da nake kwashe toka da su? Ɗana, je ka buɗe cocinka." Na fito jikina a sanyaye. A cikin duk abin da muka shirya, ba mu zauna ko sau ɗaya mun yi tunanin yadda za a faɗa wa irin su Mama ba, mun bar shi ga takarda.

Lahadi 21 ga Yuni na isa coci ƙarfe biyar da 'yan mintuna, bayan Lahadi 12 a rufe. Layi ya riga ya kai titi, kuma nan take muka ga kuskurenmu: ƙofa ɗaya muka buɗe, biro ɗaya a kan littafi, ga shi kowa na taɓa shi, ga cunkoson da muke gudu a ciki ya dawo waje. Muka yi maza muka buɗe ƙofa ta biyu, muka zaunar da 'yan mata biyu su riƙa rubutawa, mutum ya faɗa kawai. Wasu sun ƙi ba da lamba don tsoron kada a zo a kwashe su zuwa wurin killacewa, sai da ma'aikaciyar jinyar nan ta lallashe su. Wasu kuma suna kaucewa idan aka nufi goshinsu da na'ura, don kamar bindiga take. A Misar goma wani saurayi ya nuna 38, fuskarsa ta canza, mutane suka dare. Ashe a ƙafa ya tako cikin rana daga nesa. Aka zaunar da shi a inuwa minti goma, aka sake aunawa, ya sauka, ya shiga. Wata tsohuwa kuma ta zo da sandarta ba kwali, mai tsaron ƙofa ya dube ni na dube shi, Fada da ke wucewa ya ce, "Ku ba Mama kujera kusa da taga." Ba a kori kowa ba ranar.

A ciki, ba zan ɓoye ba, Misar ta yi wani iri. Mawaƙa huɗu ne kawai maimakon dukan ƙungiyar mawaƙa, ba rawar kai baiko, kwando aka ajiye a bakin ƙofa kowa ya jefa yana fita. Hannuna ya tafi da kansa wurin ruwa mai tsarki ya tarar da busasshen mazubi. Wa'azi bai kai minti goma ba. Lokacin gaisuwar salama muka juya muka rusuna wa juna daga nesa, ido kawai ake gani. Amma da aka zo karɓa, na ga wani magidanci da na sani da taurin rai ya matsa gefe yana kallon tafin hannunsa, hawaye na shiga cikin takunkuminsa. Ruwan sama ya kece ana tsakiyar Misar sha biyu, na rumfa suka ruga baranda, tazara ta tashi aiki na minti ashirin, ba yadda muka iya. Da yamma na ƙirga littafi, mutum 412, ƙasa da rabin yadda muka saba.

Ga mai shirin buɗewa, abin da zan ce shi ne kada ya sa rana sai takardar dayosis ta shigo hannun Fada, kuma ya ba kansa aƙalla kwana goma. Ya fara da igiya, ba da kasuwa ba, domin yawan wurin zama ne zai faɗa masa Misa nawa, Fada nawa, bokiti nawa. Kada ya ba kowa kuɗin wata takarda sai ya ji daga bakin jami'in lafiya da kansa. Ya tuna damina ce, rumfa ba gini ba ce. Kuma ƙa'ida ta fi saurin lalacewa a mako na uku, ba na farko ba: a lokacin takunkumi ya fara sauka zuwa haɓa, salatif ya ɓanɓare a benci da yawa, masu goge-goge sun ragu daga goma sha biyu zuwa biyar, sai da muka yi musu jadawalin karɓa-karɓa.

Tsofaffin kuwa tun makon farko ya kamata mu haɗa sunayensu, mu muka yi jinkiri har mako na biyu. Sun kai 47, Fada ya raba su unguwa-unguwa yana kai musu Jikin Kristi gida ranar Talata da Alhamis. Ranar da ya zo gidanmu Mama ta sa zanen nan na Zumunta, ta sa aka share tsakar gida sau biyu, ta wanke hannu da sabulu har sai da ƙanwata ta ce ya isa. Ta durƙusa a tabarma, ta ɗora hagu a kan dama daidai yadda na nuna mata daren nan da na zaci ba ta saurare ni ba. Bayan an gama addu'a Fada na shirin fita, ta ce, "Fada, bencina na uku daga gaba, gefen mata, ban ce a ba kowa ba." Fada ya ce yana cikin waɗanda aka ɗaure da zare, ba mai zama a kai.